Awar da Lorna Ta Mayar Baya

Ana tsakiyar waƙa ta biyu a coci Lorna Beal ta ga farcenta. Tana riƙe da littafin waƙa, bakinta na bin na jama'a, sai idonta ya sauka a kan babban yatsanta na dama. Gefen farcen ya ɓalle, ɗan ɓallewa kaɗan, sabo fil. Ta san wannan ɓallewar kamar yunwar cikinta. Abu ɗaya ne a duniya yake yi mata ita, sau biyu a shekara: ɗan kunnen agogon hannun mijinta Wendell, wanda sai an sa farce an zaro shi kafin a juya. Nan take ta daina waƙar.

Tun Lorna na 'yar makaranta ake wasa da agogo a ƙasar. In bazara ta shigo a tura shi gaba da awa guda, in kaka ta yi a dawo da shi. Bana kuwa 'yan majalisar jiha, mutanen da ba su taɓa riga rana tashi ba sai in za su kama jirgi, suka zauna a ɗaki mai ɗumi suka yanke cewa an gaji da kai-komo. Agogo ya tsaya inda bazara ta bar shi, har abada. Wendell ya yi murna da dokar, ya ce ko ba komai mutum ya ga hanyar gidansa in ya taso daga aiki. Lorna ta ce dokar banza ce, za a wayi gari ne cikin dare, kaji na barci mutane na shan kofi. Suka kwashe damina da kaka suna ja-in-ja a kai, don ma'auratan da suka shekara arba'in tare ba sa wasa da abin gardama in sun samu.

Jiya Asabar ce ranar da aka saba mayar da agogo. Bayan cin abincin yamma Lorna ta jawo kujera ta hau, ta sauke agogon bangon kicin ta mayar da shi baya, ta bi na murhu da na ɗakin kwana, da gangan, a gaban idonsa. Ta ce majalisa na da iko da jiha, ba ta da iko da kicin ɗinta. In za ta fita ta ƙara awa guda a kanta, ai ba lissafi ne mai wuya ba.

"Ki yi yadda kika ga dama da bangonki, tsohuwa," in ji Wendell. "Ni dai ki bar mini hannuna."

Ya kwance agogon ya ajiye a ɗan faranti kusa da famfo kamar kullum, ya shiga wanka. Iyakar abin da Lorna take iya tunawa ke nan. Ta tuna ta wanke kwanoni, ta tuna ta goge tebur. Ba ta tuna ta taɓa farantin ba. Amma shekara arba'in ita ke juya masa agogon nan, don yatsunsa sun yi kauri ba sa iya kama ɗan kunnen, kuma sabo turken wawa ne. Hannu ba ya karanta dokar majalisa. Ga shaida nan a kan farcenta.

Wendell kuwa yana Kan Sa tun sassafe.

Kan Sa falalen dutse ne a cikin teku, inda yake tsintar dodon koɗi yana cika buhuna. In ruwa ya janye, wani zirin tsakuwa yakan fito daga gaɓa har zuwa dutsen, a bi shi da ƙafa. In ruwa ya dawo, zirin ne ke fara nutsewa, dutsen ya biyo baya, har ko tsuntsu ba ya samun wurin sa ƙafa. Wajen tafiya Wendell ba ya neman agogo, ruwan yake dubawa daga gaɓa. Wajen dawowa ne agogo ke riƙe da ransa, don dodon koɗin yana bayan dutsen ne, inda ba a hango zirin, kuma ruwan wurin ba ya sallama. Rediyo ya faɗa masa lokacin juyowar ruwa, da sabon lokacin gwamnati, shi kuma ya san daidai inda hannun agogo zai kai ya ɗauki buhunsa. Yau ga shi an tashi da hazon teku, irin mai jiƙa gashin kai, wanda mutum ba ya ganin ƙarshen motarsa.

Lorna ta yi lissafin a tsaye, littafi a hannu. A lokacin gaskiya, yanzu ya kamata a ce ya kamo hanya. A agogon hannunsa yana da sauran awa guda cur.

Ta dafa ƙawarta Doreen da ke gefenta, ta raɗa mata ta kira mijinta Merrill ya fitar da kwalekwalensa, Wendell na Kan Sa kuma agogonsa ba daidai yake ba. Doreen ta buɗe baki za ta tambaya, Lorna ta riga ta kutsa tsakanin gwiwoyin mutane tana take ƙafafu, ba ko neman gafara. Fasto ya bi ta da ido ta saman tabarau. Ita dai ta san kwalekwalen Merrill yana can tashar gari, kafin a tayar da inji a zagayo cikin wannan hazo, abin da zai faru ya riga ya faru.

Hanyar gaɓa ba ta da nisa, amma ran nan sai da ta zama tafiyar shekara. Lorna ta kwanta a kan sitiyari tana leƙen farin layin titi, itatuwa na fitowa daga hazo ɗaya bayan ɗaya suna komawa. Ta yi ta ƙoƙarin tuno daren jiya. Ta ga kanta da tsumma a hannu, ta ga farantin, ta ga agogon da madaurinsa na fata da gishiri ya cinye. Daga nan sai duhu. Wataƙila murfin gwangwani ne ya ɓalle mata farcen. Wataƙila ƙofar mota ce. Ta roƙi Allah ya sa gwangwani ne, alhali ta san rabonta da buɗe gwangwani an kwana biyu. Tsoro ya cika ta, ga wani abu da ya fi tsoron ɗaci: in ruwa ya ci Wendell, ba teku ce ta kashe shi ba, ba majalisa ba, ita ce, da taurin kanta da ɗan yatsanta.

A-kori-kurarsa tana nan a ƙarshen hanya inda yake ajiye ta, bayanta rufe da tamfol. Ta leƙa ta gilashi. Makulli na jiki, kofin kofinsa a gefe, ga 'yar na'urar kunnensa a cikin akwatinta a kan kujera, don ba ya shiga teku da ita, wai gishiri na lalata ta. Ba tare da ita ba kuwa ko bindiga aka harba a bayansa sai dai ya ce iska ta taso. Duk da haka Lorna ta koma motarta ta danne hon da hannu biyu, ta daɗe tana dannawa. Ta saki ta kasa kunne. Ta ƙwala masa kira har muryarta ta dushe. Hazon ya haɗiye komai, bai mayar mata da ko amsa-kuwwa ba.

Ta gangara bakin ruwa. Zirin tsakuwar yana nan, amma ya fara tsukewa. Ruwa na lasar gefensa ta dama da hagu, shiru, ba igiya ba kumfa, kamar ana cika daro a hankali. Wannan shirun ne ya fi tsorata ta. A garin nasu na Kennick babu gidan da ba shi da sunan wani da ruwan nan ya ɗauka, kuma duk labarinsu iri ɗaya ne, sun ga akwai sauran lokaci.

Ta cire takalman cocinta ta ajiye su gefe da gefe a kan dutse, ita ma ba ta san dalili ba, ta taka zirin da safa.

Da farko gudu-gudu take yi, tsakuwa na sukar tafin ƙafarta. Rabonta da bin hanyar nan tun 'ya'yanta na ƙanana, amma ta tuna akwai wani kwari a tsakiya inda ruwa ke fara haɗewa. Kafin ta kai shi ta ji sanyi ya kama idon sawunta. Sanyin ruwan Nuwamba ba jiƙa mutum yake ba, cizo yake. Ta tattare siket ta ci gaba. Ruwa ya kai ƙwauri. Ta ce wa kanta in ta haye kwarin ƙasa za ta sake tasowa, ta isa dutsen, ta kamo tsohon nan ta kwalar riga, su juyo tare ko da ruwa ya kai musu ƙugu. Ta yi ta maimaita abin da za ta ce masa, har da zagin da za ta haɗa, don zagi ya fi kuka sauƙin ɗauka.

Ƙasa ba ta taso ba. Ruwa ya kai gwiwa, kuma ya daina zama ruwa mai kwanciya, ya fara ja. Yana turo ta daga dama kamar mutum a cikin cunkoso. Ta sa ƙafa a kan wani dutse mai gansakuka, ya zame, ta faɗi a kan hannuwanta, ruwa ya watsu a fuskarta, gishiri ya shiga hanci. Da ta miƙe tana tari, sai ta duba gaba ta ga fari, ta duba baya ta ga fari. Babu gaɓa, babu dutse, babu zirin, ruwa ne kawai mai launin toka yana wucewa. Faɗuwar ta juya ta, ba ta san ina ta fuskanta ba.

Nan ne tsoron ya canja kama. Ɗazu tsoron Wendell take ji, yanzu jikinta ya fara jin nasa tsoron, ba da izninta ba. Haƙoranta na karo. Ƙafafunta sun daina ba ta labarin abin da suke takawa. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta gwada gefe, ta ji ƙasa ta zurma, ta janye da sauri. Ta gwada ɗaya gefen, nan ma haka. Zirin ya rage faɗin tabarma a ƙarƙashinta, kuma ba ta ganinsa. Ruwa ya kai cinya, siket ɗin ya yi nauyi yana jan ta. Ta tsaya cik, don duk takun da za ta yi yana iya zama na ƙarshe, tsayuwar ma ta san ba tsira ba ce. Ta kira sunan Wendell, wannan karon ba da ƙarfi ba. Ta ce masa ya yi haƙuri. Ta tuna miyar kifin da ta bari a kan murhu da ƙaramar wuta, ta ji haushin kanta da wannan ne abin da ya faɗo mata a rai.

Sai ta ji hon.

Ba daga inda take zaton gaɓa ba, daga kafaɗarta ta hagu, can baya. Dogo ɗaya, gajeru biyu. Shiru. Dogo ɗaya, gajeru biyu. Lorna ta san wannan kiɗan. Da shi ake kiranta tun tana budurwa a gidan ubanta, lokacin da wani saurayi mai manyan kunnuwa yake tsoron shigowa ya gaishe da tsohon. Da shi ake kiranta a ƙofar kanti in ta daɗe tana hira. Mutum ɗaya ne a duniya yake danna hon haka, kuma mutumin nan ya kamata a ce yana gabanta a kan dutse, yana duba agogon ƙarya.

Zuciyarta ta ce mata kunnenta ne, irin abin da masu nutsewa ke ji. Ta ce in ta juya ta bar shi a can fa? Hon ɗin ya sake tashi, wannan karon ba tsari, ana ta dannawa kamar mahaukaci. Ta juya.

Ba tafiya ta yi ba, jan ƙafa ta yi, tana laluben tsakuwa da yatsun da ba sa ji. In hon ya yi shiru ta tsaya, in ya tashi ta matsa. A kwarin ruwa ya kai mata ƙugu, ya ɗaga ta sau ɗaya har ƙafafunta suka bar ƙasa, ta yi ta fafutuka da hannu har ta sake dira. Daga nan ya fara sauka. Ta hango wasu fitilu biyu rawaya a cikin hazo, sannan wani abu baƙi yana ratso ruwa yana nufo ta, yana faɗuwa yana tashi. Wendell ne cikin dogayen takalmansa na roba, ba hula, baki buɗe. Ya cafke ta a damtse da ƙarfin da sai da ya bar mata shaida har mako guda. Hon bai daina ba, Merrill ne ya karɓe shi.

Su biyu suka ɗauke ta zuwa a-kori-kurar, suka naɗe ta da bargon da karensu ke kwanciya a kai da rigar sanyin Merrill, aka ƙure hitar ɗumama mota. Merrill ya yaye tamfol yana neman wani abin rufa, sai ga buhunan dodon koɗi a jere a bayan motar, cike, ɗaure, ruwa na ɗiga daga gindinsu. Lorna ta gan su ta gilashin baya. Da ta ɗaga gefen tamfol ɗin ɗazu, da ba ta ko cire takalmi ba.

Merrill ne ya ba da labarin, yana magana da sauri irin ta wanda ya tsorata. Wendell ya fito a kan kari, ya loda kayansa, ya bi ta 'yar hanyar cikin itatuwa zuwa gidan Merrill, kamar yadda ashe yake yi kowace Lahadi in mata sun tafi coci. Can suke zama su sha kofi su ci soyayyen cincin mai sukari, wanda likita ya hana Wendell tun bara. Suna cikin ci waya ta yi ta ƙara, Merrill ya ƙi ɗauka don hannunsa da maiƙo, sai a kira na uku. Doreen ce, tana cewa ya fitar da kwalekwale a ceto Wendell. Merrill ya ce mata wane Wendell, ga shi nan yana cinye masa kwano. Da ta ce Lorna ta riga ta tafi gaɓa, Wendell bai ji maganar ba, fuskar Merrill ya gani. Ya bar ƙofa a buɗe ya zura da gudu, mutumin da hawa matakala ke sa shi haki. Ya tarar da motarta da ƙofa a wangale, da takalma biyu a kan dutse.

Merrill ya ce bari ya je ya kira Doreen kafin ta tara gari, ya ja musu ƙofa.

Wendell ya ɗauki na'urar kunnensa, sau biyu tana faɗuwa kafin ya iya sa ta. Lorna ta fito da hannunta daga bargo ta kamo wuyan hannunsa ta juyo shi. Agogon yana baya da awa guda.

"Ni na juya shi," ta ce. Leɓunanta sun yi nauyi, maganar da ƙyar ta fito. "Ban san na yi ba."

"Na sani. Na gan ki."

Ta dube shi.

"Ta madubin banɗaki. Kina 'yar waƙarki, kin ɗauka kin juya kin ajiye, ko kallonsa ba ki yi ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na ƙara awa a kaina, yadda kika ce ba lissafi ne mai wuya ba. Na yi shiru ne don in tsokane ki a kan abincin rana. Har na ba Merrill labari, muna dariya wayar nan ta shigo."

Lorna ta nemi zagin da ta tanada a cikin ruwa, ba ta same shi ba. Shekara arba'in ta ga mutumin nan a cikin guguwa, ta gan shi ranar da injin jirgin ruwa ya kama masa hannu, ta gan shi a bakin kabarin uwarsa, ba ta taɓa ganin haɓarsa na rawa ba sai yau. Kallonta yake kamar har yanzu bai gama yarda tana cikin motar ba.

"Kalma ɗaya ce," ya ce. "Da na ce na gan ki, shi ke nan."

Ya kwance agogon yana ƙoƙarin zaro ɗan kunnen da yatsunsa masu kauri, ya kasa. Ta karɓa ta gwada, yatsunta ba sa lanƙwasuwa, farcen kuma ya ƙarasa ɓallewa a kan duwatsu. Suka bar shi a kan kujera tsakaninsu yana tafiya da awarsa ta jiya. A waje ruwa ya riga ya shafe zirin, ya hau dutsen da ta ajiye takalmanta.

Miyar kifin ta kama, gidan duk ƙauri. Bayan ta yi wanka da ruwan ɗumi ta sha shayi kofi biyu, Lorna ta jawo kujerar nan ta jiya zuwa gindin bango. Wendell ya ce ta bari sai gobe, ta ce a'a. Ta faɗa masa kada ya ɗauka majalisa ce ta yi nasara, har gobe dokar banza ce. Ya ce ya ji. Ta hau ta sauke agogon ta tura shi gaba, ta tsaya tana daidaita shi a kan ƙusa. Kujerar mai ƙarfi ce, ba ta taɓa girgiza ba, amma tana jin tana ɗan rawa a ƙarƙashinta. Ta duba ƙasa ta ga Wendell ya riƙe kujerar da hannu biyu, ashe su ne ke rawa.